Daminar da Na Rufe Motar Malam

Yau kwana shida ke nan rana ba ta leƙo Gusau ba. Marka ta zauna daram, ruwa ba mai ƙarfi ba, irin wanda yake yini yana tsiyaya har mutum ya daina jin sa. Gishirina ya jiƙe a gwangwani, zannuwan da na shanya tun Litinin suna nan a igiya da laimarsu. Gidan ba kowa sai ni. Ɗana Bello ya tafi kwas Kaduna na wata uku, matarsa kuma tana gidansu wankan jego. Suka bar ni da ɗakuna huɗu, da talabijin da ba na kunnawa, da mota a tsakar gida.

Motar sabuwa ce, kujerunta na fata ruwan madara. Ranar da zai tafi ya ɗaga gilasanta duka, ya lulluɓe ta da tampol, ya jera mini gwangwanayen fesawa uku a bakin taga, ya ce, "Umma, ba sai kin taɓa komai ba. A bar ta a rufe har in dawo." Na ce to. Ina jin ko tasha bai kai ba na yaye tampol ɗin, na buɗe ƙofofi huɗu, na yage ledar da ya bari a jikin kujerun tun daga inda ya sayo ta. Da ya bugo waya na gaya masa, ya yi dariya ya ce tsufa ya fara. Ban yi masa gardama ba. Shekararsa huɗu a daminar da nake tunawa, kuma abin da ya riƙe daga cikinta bai wuce ɗacin tafasa ba.

A Tsafe muke a lokacin, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Maigidana, wanda har yau bakina bai saba da kiran sunansa ba sai dai in ce Malam, direba ne. Motar haya gare shi, doguwa mai layi uku na kujeru, yana lodi daga Gusau zuwa Funtuwa, ya tsaya a Tsafe ya sha ruwa. Ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Saboda ita ya fasa katangar gidanmu ya sa ƙofar langa-langa, ya yi mata rumfar kwano a cikin gida, daura da madafa. Mutanen unguwa suna zolayarsa wai ya kusa shimfiɗa mata tabarma.

Kujerun baya na yadi ne, ruwan toka. Ta direba ce kawai ta fita daban. Yadinta ya yage tun kafin a kawo ni gidan, soso yana leƙowa, wani ƙarfe yana sukar Malam a kwankwaso. Mahaifina baduku ne a Bungudu, duk zuri'armu aikin fata muka gada. Da ya zo ganin ɗakina ya ga kujerar, ya auna ta da taƙi ya tafi. Bayan sati biyu ya dawo da jar fatar akuya guda uku da ya haɗa, ya zauna a cikin motar tun hantsi har la'asar yana ɗinke ta a jikin kujerar da basilla. Ya ce gudunmawarsa ke nan.

Shekara tara Malam yana zama a kan fatar nan. Inda bayansa yake jingina ta yi duhu, ta fitar da faɗin kafaɗunsa, har da gefen hagu da ya fi dannewa saboda yana son ɗora gwiwar hannu a taga. Kowace Juma'a da safe ba ya fita lodi sai ya gyara cikinta. Ni ce mai miƙo ruwa da tsumma. Ya kakkaɓe kujerun yadi da buroshi, ya tsince ɓawon gyaɗa da tukar rake da fasinjoji suka cusa a lungu, yana yi yana mita. Fatar kuwa da tafin hannu yake shafa ta. In ya gama sai ya sauke gilasai ɗan yatsa biyu, ya ce, "Mota ɗaki ce, Rakiya. Ɗakin da ba ya shan iska ba ya lahiya." Na ji maganar nan ta fi sau ɗari. Ashe ji kawai nake yi.

Ruwan shuka ya sauka a shekarar, Malam ya dawo daga Funtuwa a jiƙe sharkaf, shi da fasinjojinsa da kayansu, domin taya ta yi faci a hanya. Ya shigar da mota rumfa, ya ce kansa yana sara, gobe ya goge ta. Ya kwanta. Kwana huɗu ya yi.

Na shiga takaba da 'ya'ya biyu, Ladi mai shekara bakwai da Bello, ga kuma Inna, mahaifiyar Malam, wadda take zaune tare da mu. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kitso, ba kwalli, ba turare. Kwanakin farko gida ya cika, ana shigowa ana fita, ana ba ni haƙuri har kalmar ta daina shiga kunnena. Bayan sadakar bakwai aka fara raguwa. Mutane suna da gonaki, ciyawa ba ta jiran mai makoki. Kafin arba'in gidan ya koma mu huɗu, sai kukan kwaɗi daga kududdufin bayan gida.

Kayan Malam tuni aka wanke aka raba, riguna da huluna har bargonsa. Ɗakinsa aka share aka yi masa turaren wuta. Na nemi Malam a gidan nan na rasa. Wata rana bayan azahar, yara suna makarantar allo, Inna ta kishingiɗa a ɗakinta, na je ɗaukar tsintsiya a rumfa, sai hannuna ya kai ga ƙofar motar. Na buɗe. Wallahi sai da na dafa ƙarfen ƙofa. Yana nan a ciki. Turaren da yake saye a Funtuwa, da goro, da zufarsa, da ɗan warin fetur da ba ya barin hannunsa, duk suna zaune a kujerar nan kamar yanzu ya tashi ya shiga bayi. Na sunkuya na kifa fuskata a inda fatar ta yi duhu. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Daga ranar ya zama mini aiki. Kullum bayan azahar sai in faki ido in je, in buɗe kaɗan, in sa kai, in rufe da sauri. Makullin na ɗaure shi a bakin zanena.

Manya sun riga sun zauna sun yanke cewa motar ta marayu ce, ba za a sayar ba. Sani, ƙanin Malam, shi zai riƙa tuƙa ta ana ciyar da gidan. Sani yana noma a Kucheri, amma ya iya tuƙi, Malam ne ya koya masa. Da can abokin wasana ne, ba ya shigowa gidan sai ya ce, "Ina matata, an aje mani ƙanzo?" Tun rasuwar wasan ya mutu a tsakaninmu. Bayan arba'in ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa.

"Yaya, cewa na yi ko za a ba ni mabuɗi in tada motar. Tsayawa ba ta yi mata kyau."

Na ce, "A bari tukuna."

"Har yaushe, Yaya?"

"Sai na hita takaba."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Inna da take tsintar tafasa a faranti. Inna ba ta ɗago ba. Ya ce Allah ya kai mu, ya tashi. Babu malamin da ya ce takabar mace tana hana mota fita, ni na ƙirƙiri abina, kuma ba wanda yake son jayayya da mai takaba.

A cikin kwanakin nan na lura ƙamshin yana raguwa. Kowace buɗewa sai in ji kamar na ɗebi wani abu daga tulun da ba a ƙara masa. Hankalina ya tashi. To mu mata abin da muka sani game da ƙamshi guda ne, rufe shi ake yi. In kin yi wa zane turaren wuta, ninke shi kike yi da ɗuminsa ki danna a akwati. In kin haɗa humra, toshe kwalbar kike yi ki manta da ita, in kin buɗe bayan wata ta fi ƙarfi. Da wannan ilimin nawa na tashi aiki. Na nemo ledojin cikin buhun taki da Sani ya ajiye a zaure, na wanke su, na farke, na naɗe kujerar Malam tsaf na ɗaure da tsumma. Ledar ta ragu, na ce bari in yi wa na yadin ma gata, na lulluɓe su. Na ɗaga gilasan nan da yake bari ɗan yatsa biyu har suka ƙure. Na cusa tsummoki a duk inda na ga iska za ta iya shiga. Na yi wa kaina alkawarin ba zan sake buɗewa ba sai ranar fitar takaba, in same shi cike. Ni, 'yar baduku, jikar baduku, na yi wannan.

Sai marka ta shigo.

Daminar da ta gabaci wannan ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ba, don haka tun kafin tsakiyar damina rumbuna suka yi fayau. Buhun geron da aka kawo mana na gaisuwa ya ƙare. Muka koma kwana da fate-fate, mu yini da kwaɗon tafasa. Daga baya ƙuli-ƙulin kwaɗon ma ya gagara, sai gishiri da barkono. Da asuba Inna take fita bayan gida da ƙwarya, ta tsinko tafasa da rama da lalo, ta dawo zanenta ya jiƙe har gwiwa. Ni kuma in zauna ina fama da ɗanyen ice, in hura in hura, hayaƙi ya cika mini ido, ashana ta ƙi kamawa sai na ɗumama ta a hammata. Komai ya yi laima, tabarma da katifa da allunan yara. Katangar maƙwabta ta zube wata safiya, muka ji rugum, muka yi salati. Sauro kuwa ba a magana.

Ladi ta daina tambayar tuwo. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan kukan Bello. Shi yakan ture kwanon tafasa ya yi ta birgima har ya gaji ya dawo ya ci. Ita sai ta cinye nata shiru, ta lashe yatsu, ta tafi ta zauna a bakin rumfa ta jingina da tayar motar. Wuyanta ya yi tsawo. Ina gani, ba makanta na yi ba. Na san in motar nan ta fita yau, gobe akwai tuwo a gidan. Sani ya sake zuwa sau biyu, da ɗan garin rogo a ƙulle, shi ma gidansa ba wani abu ba ne. Duk zuwan amsata guda ce. Ina jin kunyar faɗin wannan har yau, amma haka aka yi. Na ɗora 'ya'yana a sikeli da wani ƙamshi a cikin leda, kuma kullum sai in ce gobe.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Abin da ta yi shi ne ta aika tasha, ta ba wani direba abokin Malam saƙo zuwa Bungudu.

Ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi, na ji sallamar Baba a zaure. Ya shigo da buhu a ka maimakon laima, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya ɗora Bello a cinya ya taɓa haƙarƙarinsa, ya sauke shi. Sai ya tashi ya nufi rumfa. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a gilashin direba, ya sa yatsa ya goga. Yatsan ya fito a bushe. Raɓar da ta lulluɓe gilashin daga ciki take.

"Uwata, mi kinka yi wa wagga mota?"

Na ce, "Adana ta na yi, Baba."

"Kwana nawa tana rufe?"

"Ashirin da uku."

Ya ce, "Innalillahi. Kawo mabuɗi."

Shi kaɗai ne a duniya ba zan iya ce wa a bari tukuna ba. Na kwance bakin zane na miƙa masa.

Da ya buɗe ƙofar sai da ya ja da baya. Wani wari ya fito, na rumbun da ruwa ya shiga. Ya yaye ledar kujerun baya, ruwa yana ɗiga daga cikinta. Fumfuna ta rufe yadin, fara da kore da baƙa, har ta yi gashi. Ta hau sitiyari, ta hau rufin ciki. Ya ɗaga kafet ɗin ƙasa, ga ruwa kwance tun na ranar da Malam ya dawo a jiƙe, wanda ya ce gobe zai goge. Rumfar ma ashe tana yoyo daidai kan but ɗin motar, wurin zuba kaya. Ni ina nan ina lissafin ƙamshi yana taruwa, ashe ruwa na kulle a ciki na ba shi leda ya lulluɓa.

Ya kai hannu zai kwance kujerar direba, na riƙe masa hannun riga. Ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ya dube ni, ya dubi irin ɗaurin da na yi wa ledar, ƙulli a kan ƙulli. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "To. Mu hwara da na baya."

Aka kira Sani daga Kucheri, ya zo da sifana ya kwance kujerun yadi, aka fito da su. Baba ya sa kowa ya ɗaure hanci da tsumma, aka kai su bakin zaure inda iska take bi, aka kankare fumfunar da buroshi a bushe. Na ɗauko bokiti zan sheƙa ruwa, ya daka mini tsawa. "Ruwa yak kashe ta, ruwa za ki ƙara mata? In ya shiga soson ga, sai kaka." Ya sa aka matse lemun tsami a ruwan ɗumi, a tsoma tsumma a matse shi har sai ya daina ɗiga, a bi yadin taƙi taƙi. Bayan nan ya kaɗa sabulun salo a ƙwarya har ya yi kumfa, ya ce kumfar kaɗai za a ɗiba a shafa, a danna busasshen zane a kai ya tsotse. Zannuwan aurena uku suka tafi a wannan aikin.

Shanya ce ta zama yaƙi. Rana takan fito kamar mai leƙen maƙwabta, mu ɗauki kujeru da gudu mu kai tsakar gida, kafin mu miƙe baya hadari ya haɗo daga gabas, mu sake kinkima mu mayar. Wata rana sau biyar muka yi haka, da cikin da ba komai sai tafasa, har Sani ya zauna a ƙasa yana haki yana dariya. Da Baba ya ga rana ba ta da niyya, ya sa aka ɗebo yashi aka soya a kasko, a ɗura a tsofaffin buhuna da zafinsa a ɗora a kan kujerun, in ya huce a sake. Busasshen icen da ya rage mana ɗan kaɗan ne, kuma shi ne na girki. Kwana uku, sau ɗaya a rana muke ɗora tukunya saboda yashi ya samu wuta. A cikin motar kuwa ya jera ƙore cike da gawayi, ya bar ƙofofi a wangale, ya hana a kusanto ta da ko garwashi ɗaya saboda fetur.

Kwana takwas muna wannan. Yadin ya dawo, ba kamar da ba, akwai tabo nan da can, amma warin ya tafi, mutum zai iya zama. Duk kwanakin nan kujerar direba tana cikin ledarta, kowa yana zagaye ta kamar ba ya gani.

Ranar ta tara da safe Baba ya kira ni rumfa. Mu biyu ne. Ya ce in kwance da hannuna. Na kwance. Fumfuna ta ci mazaunin da bakin ɗinki, ta fara hawa, amma ba ta kai sama ba. Duhun kafaɗun Malam yana nan. Na matsa kusa. A ƙarƙashin warin laima, can ƙasa, akwai saura. Ɗan kaɗan ne, amma shi ne.

Baba ya ce, "Ji nan, Uwata. Hwata ba ta ƙarya. In an bar ta haka, kwana goma ta ruɓe, ko cikin akwati kinka sa ta. In an gyara ta, sai ta kai jikokinki. Amma tsami da mai ba su zaɓe, duk abin da ke jikinta tahiya zai yi. Kuma ba ni da wata jar hwata da zan sa, majema ba su shanya cikin marka. In babu ita, ba mai iya zama bisa ƙarhen ga har Funtuwa."

Na kai yatsa na shafa bakin ɗinkin.

Ya ce, "Ni na ɗinka ta, amma ba ni taɓa ta. Ke za ki yi, ko ki bari." Ya sa basilla ya warware ɗinkin, ya zare fatar daga kujerar, ya ɗora mini a hannu biyu, ya fita zaure.

Na zauna a kan turmi da ita a cinya. Daga inda nake ina hango Ladi a bakin madafa tana kankare tukunyar jiya da cokali, tukunyar da na san ba komai a cikinta. Ƙarar cokalin nan ita ta gama da ni. Na jawo ƙwaryar lemun tsami, na tsoma tsumma, na matse.

Sai na ji an ce, "Dakata, Rakiya."

Inna ce. Ta fito daga ɗakinta tana dafa bango, da ɗan ƙulli a hannu. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Ba ni shi in ji, kahin ki goge."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Kina tsammanin barci nika yi bayan azahar? Ina ganinki ta labule. Na ce ke yarinya ce, ke kinka hi ni buƙata."

Ta karɓi fatar, ta kifa fuskarta daidai inda nake kifa tawa. Tsohuwar nan da ba ta yi kuka a gaban mutane ba ranar da aka fita da ɗanta, saboda ɗan fari ne, kafaɗunta suka yi ta rawa ba sauti. Ni ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai ba cewa akwai wata a gidan da take nemansa. Wata biyu makullin yana bakin zanena, ita tana tsinko mana tafasa. Da ta gama ta miƙo mini, ta kwance ƙullin hannunta. Man kaɗe ne, ɗan curin da take shafa wa gwiwoyinta, na ƙarshe. Ta ce, "Yi bismilla."

Na goge ta da tsami, a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Baba ya leƙo ya ce kada a kai ta rana ko da ta fito, fata inuwa take so da iska, rana ƙona ta take yi ta tsage. Muka rataye ta a zaure kwana biyu. Ranar ta uku na narkar da man a tafin hannuna, kaɗan kaɗan yadda ya nuna mini, ina murzawa ina zagayawa har ta sha. Ina shafawa jan yana ƙara duhu, yana haɗuwa da duhun kafaɗun, har na duba na kasa gane inda suke. Ta yi laushi, ta yi sheƙi, ta fi ranar da aka kawo ta kyau. Na kai ta hanci. Man kaɗe na ji da bagaruwa, warin rumfar Baba a Bungudu.

Baba ya mayar da ita ya ɗinke. Aka ɗaura kujeru, maza huɗu suka tura motar har bakin titi kafin ta tashi, ina jin ƙararta daga cikin gida tunda ba ni da ikon leƙawa. Da la'asar Sani ya dawo da gero a buhu da ɗan nama a takarda. Na daka, na tuƙa tuwo da miyar kuka. Ladi ta ci ta ƙara, ta yi barci a zaune da hannu a kwano. Ni loma ɗaya na yi, na ture kwanon. Inna ma ba ta ci ba, ta ce wai haƙorinta.

Shekara shida motar ta ƙara yi tana ciyar da mu. Da ta gaji aka sayar wa masu kayan gyara, sai ga Sani ya shigo da wani abu a naɗe a hammata. Ya ajiye a gabana ya ce, "Matata, ga ajiyarki." Ranar ce ya fara yi mini wasa tun bayan rasuwar.

Inna ta rasu, Baba ya rasu, Sani ma bara waccan ya bi su. Ladi tana aure a nesa, sai waya. Tsafe kuwa Bello ya ɗauko ni daga can tun da hanya ta lalace, gidan namu wasu ne a ciki.

Ɗazu da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita. Na fita na buɗe motar Bello, na taɓa ƙarƙashin kafet, na canja gawayin da na sa a kwano, na goge kujerun da busasshen tsumma. Gwangwanayensa suna nan a taga, ban san wanne ne na mene ba, ya zo ya fesa abinsa. Na bar gilasai ɗan yatsa biyu.

Da na dawo ɗaki na jawo akwatina na fito da jar fatar. Kowace marka sai na fito da ita ta sha iska, in shafa mata mai. Baba ya yi gaskiya, ko tsaga ɗaya ba ta yi ba. Na shimfiɗa ta a cinya na murza har ta yi ɗumi, sannan na kai ta hanci, yadda nake yi duk shekara ko da na san abin da zan tarar. Malam ya daɗe da fita daga cikinta. Rumfar Baba ma ta fita. Warin hannuna kawai na ji.